Yadda muka zuba kankare a tsakar gidanmu

Asabar, 19 ga Oktoba, 2024

Damina ta ɗauke, ni kuwa na ɗaura niyyar ba za ta dawo ta tarar da tsakar gidan nan a yadda ta bar shi ba. A watan Agusta bulo 7 muka jera daga ƙofar falo zuwa kicin, kowa na tsallake kamar mai ƙetare rafi. Ranar da santsi ya kwashi Hajiya da butar alwala a hannunta, Allah ya tsare ba ta karye ba, ranar na daina cewa sai baɗi.

Yau na auna wurin. Tsawo ƙafa 20 daga bangon ɗakuna zuwa katangar da rariya take, faɗi ƙafa 16. Bayan isha'i muka zauna mu uku, ni da Hajiya da mai ɗakina, a kan abin da za a shimfiɗa.

Hajiya ta fara da daɓe, kamar yadda na zata. Ta ce a zamaninsu in za a yi wa amarya ɗaki, matan unguwa ke taruwa kowace da madaɓinta, a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, ana bugu ana waƙa har ƙasa ta yi sheƙi. Na ce mata, "Hajiya, yau ina zan samo miki mata 20 masu riƙe madaɓi?" Ta yi dariya. Ita ma ta san daɓen da ke fili, ruwan sama na dukansa, sai an riƙa sabunta shi.

Mai ɗakina intalok take so, wato ƙananan duwatsun siminti da ake jerawa a ƙasa, irin na gidan yayarta. Yana da kyau a ido, ruwa na bin tsakanin duwatsun ya nutse, kuma in bututu ya fashe a ƙasa sai a ɗaga 'yan kaɗan a gyara a mayar. Amma na ga na ƙofar ofis ɗinmu bayan shekara 3: ciyawa a kowane layi, gidan tururuwa, inda aka cika takawa ya lotsa. Gidanmu kuma gidan shanya ne. Kuɓewa, barkono, gero in an wanke, duk a tsakar gida suke shan rana, tsintsiya kuwa ba ta iya fito da ƙwayar gero daga ramin intalok. Tayil ko maganarsa ba mu tsaya yi ba, mai neman maganin santsi ba zai saya da kuɗinsa ba.

Kankare muka tsayar. Hajiya ta gindaya sharaɗi biyu. Kada a taɓa gwaibar da marigayi Baba ya dasa, kuma a bar mata ƙasa inda za a riƙa ajiye turmi. "Turmi ba ya shiri da siminti," in ji ta. "Tsalle yake yi, gindinsa ya tsage, kai kuma a ɗaki ka ji dakan a cikin haƙoranka."

Laraba, 23 ga Oktoba

Magini ya zo. Dattijo ne, shi ya yi mana ɗakin sama shekarun baya. Alhaji yake ce min ko da yake ban taɓa zuwa Makka ba, na gaji da gyara masa.

Bai ce komai a kan kuɗi ba sai da ya zaro siririn tiyo fari daga jakarsa, ya cika shi da ruwa. Yaronsa ya riƙe baki ɗaya a dokin ƙofar falo, shi ya riƙa zagayawa da ɗayan yana sa alama a bango da gawayi. Ruwan da ke cikin tiyo ɗaya tsayinsa ɗaya ne a bakin nan da bakin can, ko da nisan ya kai ina, shi ya sa ya fi ido gaskiya.

Abin da tiyon ya nuna ya ba ni kunya. Shekara da shekaru ina ɗora wa ƙasar gidan laifi, wai laka ce ba ta shan ruwa. Ashe rariyarmu ta fi tsakiyar gidan tudu da inci 3. Ruwa ba ya hawa tudu, to ina zai je? Sai a lokacin Hajiya ta tuna wata shekara da kwatar layi ta toshe, ƙazanta ta riƙa dawowa cikin gida, marigayi ya sa aka ɗaga bakin rariyar. Daga baya an sake gina kwatar da zurfi, rariyar kuwa aka manta da ita a sama.

Lissafin da magini ya yi a ƙasa da tsinke ke nan. Dokin ƙofa ya fi ƙasar yanzu tsayi da inci 6 kacal. Da mun bi shawarar masu cewa a zuba kankaren a kan ƙasar yadda take, inci 2 zai rage, ruwan Agusta kuma a ƙarƙashin gado za mu same shi. Saman kankaren zai tsaya inci 3 ƙasa da dokin ƙofa, sannan ya gangara kwatan inci a kowace ƙafa, wato inci 5 kafin ya isa katanga. Rariya za a fasa a sauke ta inci 6, a sa bututu mai inci 4. Haƙa kuwa, kamar inci 5 ta wajen ɗakuna, kusan ƙafa guda ta wajen katanga, don a sami wurin burji inci 4 da kankare inci 4.

Na tambaye shi ko ba za a rage kaurin zuwa inci 2 ba, tunda mota ba ta shigowa. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan ai ɓawon ƙwai ne. In shi kake so, kira wani."

Lahadi, 27 ga Oktoba

Aiki ya tsaya tun bai fara ba. Yau kusan mako guda ke nan babu wutar lantarki a yawancin Arewa. Masu rijiyar burtsatse sun koma janareto, 'yan ga-ruwa sun ƙara kuɗin jarka, kuma sai ka yi sa'a ka ga kura a layi.

Na zauna da wani abokina injiniya muka ƙirga. Ƙafa 20 sau 16 a kaurin inci 4 ya kama kusan kubik mita 3. A haɗin 1:2:4, wato siminti kashi 1, yashi 2, tsakuwa 4, kubik mita guda na cin buhu 6 da ɗoriya. Kusan buhu 19 ke nan, ya ce in sayi 22. Abin da ban taɓa sawa a lissafi ba shi ne ruwa. Kwaɓi kaɗai jarka 20. Shayarwa bayan an zuba, sau 3 a rana har kwana 7, ta haura jarka 80. Ga na danne burji. Ya ce, "Mutumina, in ba ka da ruwan shayarwa, kada ka buɗe buhu ko ɗaya."

Na so in sayi simintin in ajiye, don tsoron abin da ya faru a watan Fabrairun 2024, lokacin da buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da masu kamfanonin. Injiniya ya hana ni. Siminti yana shan danshin iska ko buhun na rufe, in ya daɗe sai ya fara ƙulluwa, ƙarfinsa ya ragu.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Wuta ta dawo, an yi haƙa jiya da yau. Digar wani lebura ta huda tsohon bututun da ke kai ruwa banɗaki, wanda babu mai tuna ta nan ya bi. Gara yanzu da bayan an rufe. Mai famfo ya canja shi, na kuma sa ya zura sabon a cikin wani bututu mai faɗi, yadda in ya lalace wata rana za a zare shi ta gefe ba sai an fasa kankare ba. Ƙasar da aka kwashe maƙwabcinmu ya roƙa, ya cike ƙofar gidansa da ita.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Da safe na shiga kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa na sayo ragar ƙarfe, baƙar leda mai kauri, ƙusa da wayar ɗauri. Siminti a shagon bakin titinmu na saya don sauƙin ɗauko, buhu 22 masu kilo 50, wanda aka rubuta 42.5 a jikinsa, wato lambar ƙarfinsa. Kowane buhu sai da na danna shi da hannu na ji garin na motsi. An jera su a zaure a kan katako, nesa da bango.

Yashi ne ya ci min rana. Tifar farko da ta zo, a ido lafiya lau. Na ɗebi kaɗan a gorar ruwa, na cika da ruwa da ɗan gishiri, na girgiza, na ajiye a kan katanga kamar yadda injiniya ya koya min. Yashi ya kwanta nan take. Bayan wani lokaci laka ta sauko ta zauna a kansa, kaurinta ya kusa yatsa guda a kan yashin da bai fi yatsa biyar ba. Laka tana lulluɓe ƙwayar yashi ta hana siminti kama ta. Direban ya yi ta rantsuwa cewa da irinsa ake gina benaye. Ban musa masa ba, na dai ce ba zan karɓa ba. Allah ya sa ban bari ya juye ba tukuna. Na biya shi kuɗin mai, ya tafi yana ƙunƙuni. Da yamma wani ya kawo yashin kogi mai kaushi, wanda in ka murza a tafin hannu ba ya barin jan shafi.

Lungunmu ba ya cin tifa, don haka a bakin layi aka juye yashi da tsakuwa, yara masu baro suka yi ta jigila har magariba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

An zuba burji hawa biyu, kowane hawa inci 2, a yayyafa ruwa a daddage sannan a ƙara. Abin dannewar gwangwanin fenti ne da aka cika da kankare aka dasa masa sanda. Hajiya ta leƙo ta ce, "To ai ga daɓen nan, sai dai babu waƙa."

Kafinta ya kafa katako a gefuna, ya zagaye gwaiba da fili ƙafa 4, ya ware wa turmi murabba'i ƙafa 3 a gefen kicin. An shimfiɗa leda don kada busasshen burji ya tsotse ruwan kwaɓin. A jikin bangon ɗakuna an manna siririn soso, saboda kankare yana miƙewa da zafi yana tsukewa da sanyi, bai kamata ya manne da gini ba.

Raga ta hau kan 'yan ƙananan gutsattsarin kankare da magina ke kira biskit, don ta tsaya a tsakiyar kauri. Ragar da ta kwanta a ƙasa kuɗi ne aka binne. Magini ya ce shi da bai sa ta ba sam. Injiniya ya ce raga ba ta hana tsagewa, abin da take yi shi ne riƙe bakin tsagar kada ya buɗe ko ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tudu. Na bi injiniya a wannan.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Ana idar da sallar asuba leburori 6 suka iso. Na ɗauki hutun yini, na sa kujera kusa da wurin kwaɓi, ban kuma tashi ba sai don salla.

Awon da kwanon sarki ake yi. Buhu guda kwano 2 ne, saboda haka kowane buhu yashi kwano 4, tsakuwa kwano 8. A juya su a bushe da shebur har launin ya zama ɗaya, sannan a buɗe rami a tsakiya a zuba ruwa. Na ce jarka guda mai lita 25 ga kowane buhu, ko ƙasa da haka tunda yashin da ɗan danshinsa.

Nan rigimar yinin ta tashi. Kwaɓi mai tauri yana da nauyin juyawa, yana da wuyar bajewa, leburori kuwa kuɗin yini aka yi da su, so suke su gama su tafi. Kwaɓi na uku na juya baya ina amsa waya, da na waiwayo sai na ga ya zama kamar kunun tsamiya, ruwan toka-toka na gudu yana barin tsakuwa tsirara. Babban cikinsu ya ce, "Yallaɓai, mai ruwa-ruwa ai shi ne mai kyau, da kansa yake kwanciya." Da kansa yake kwanciya, gaskiya ne. Amma ruwan da ya wuce abin da siminti ke buƙata ƙafewa yake yi daga baya, ya bar ƙananan ramuka a ciki, kankaren ya yi rauni, samansa ya riƙa tashi kamar gari. Na sa aka ƙara rabin buhu da yashi da tsakuwa daidai awo aka gyara shi. Daga nan na ɗauke jarkokin na ajiye a bayan kujerata, duk mai son ruwa sai ta hannuna. Sun ji haushi. Na ƙara musu wani abu a kan kuɗin yini, mai ɗakina kuma ta sauke musu shinkafa da wake da mai da yaji, fuska ta saki.

Magini da yaronsa suna bi da dogon katako suna ja a kan alamomin da aka kafa, suna bubbuga shi don iska ta fita, tsakuwa ta zauna. Kallonsa kawai abin sha'awa ne. Ba ya duban katakon, alamar gawayin bango yake duba.

Wajen azahar ruwa ya taso saman kankaren yana ƙyalli. Sai na ga magini ya yanka buhu ya cika kwano da busasshen siminti zai barbaɗa, ya bi da cokali ya fito da sumul irin na tsakar ɗaki. Haka aka saba, kuma ranar farko yana da kyau ƙwarai. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, a bar wannan." Wannan fatar ta sama ita ce ke yin 'yan tsage-tsage kamar gindin tsohuwar tukunya, ta riƙa ɓarewa, in ta jiƙe kuma ta fi laka santsi. Ya ce, "Mutane za su ce ban iya aiki ba." Na ce duk wanda ya faɗa a turo min shi, tsohuwa nake yi wa. Ya ajiye kwanon. Muka jira ƙyallin ya ɗauke, ya murje da katako, sannan aka ja sabuwar tsintsiyar kwakwa a kai, layi-layi, ana bin gangaren zuwa rariya.

Kafin kankaren ya gama kamawa aka tsaga layuka da bakin ƙarfe, zurfin inci 1, wato kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin. Layi guda a ƙafa 10 na tsawo, guda a ƙafa 8 na faɗi, fili ya rabu huɗu. Kankare sai ya tsuke, in ya tsuke sai ya tsage, layukan nan nuna masa ake yi inda zai tsage ba a gani ba.

An tashi bayan la'asar. Buhu 20 suka tafi. Ƙaramin cikin leburorin da ya wuni a cikin kwaɓi da silifa, tafin ƙafarsa ya yi fari ya fara sulluɓewa, don ɗanyen siminti yana cin fata. Hajiya ta sa ya wanke da ruwa mai yawa, ta ba shi man kaɗanya. Laifina ne, takalman roba ba su kai kuɗin buhu guda ba.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Tun daren Asabar, da saman ya yi taurin da yatsa ba ya shiga, muka rufe shi da tsofaffin buhuna da tabarmi muka jiƙa. Iskar hunturu ta fara, tana busar da wanki kafin a gama shanya, haka take yi wa kankare. Safe, rana, dare, jarka 4 kowane zuwa. Ana bin ta kan katako zuwa kicin.

Maƙwabcina ya shigo ya same ni da bokiti. Ya ce, "Kai da kake so ya bushe, kuma kake shayar da shi kamar fangalin albasa?" Na ce masa siminti ba bushewa yake yi ba, kamawa yake yi, kuma da ruwa yake kamawa. Muddin akwai danshi yana ci gaba da ƙarfi. In ya bushe da wuri sai ya tsaya a inda ya kai. Ya gyaɗa kai irin na wanda bai yarda ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Kwana 7, an kwashe buhuna. Injiniya ya ce yanzu ya kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, a taka amma kada a ɗora masa nauyi.

Na kwarara bokiti 3 daga ƙofar falo. Ruwan ya bi layin tsintsiya ya miƙe sai rariya, yara na binsa da ihu har waje. Wuri ɗaya ne kusa da kicin, faɗin faranti, ya riƙe ɗan ruwan da bai rufe ƙwandala ba. Zan iya zama da shi.

Sai kuma tsaga. Siririya kamar gashi, ta taso daga kusurwar filin turmi ta tafi a karkace kusan ƙafa 2. Na ɗauki hoto na tura wa injiniya. Ya kira ni yana dariya, ya ce duk inda aka yanke murabba'i a cikin kankare, kusurwar da ta shigo ciki nan ƙarfin tsukewa ke taruwa. Da an ja layi daga kusurwar zuwa layi mafi kusa, ko an gitta guntun rodi biyu a wurin, da ba ta fito ba. Shi bai san da filin turmin ba, ni kuma ban faɗa masa ba. Na gwaiba da aka yi shi da'ira ko alama babu.

Na sa fensir na yi alama a ƙarshen tsagar, na rubuta kwanan wata a gefe.

Asabar, 14 ga Disamba

Kwana 28 cif. Tsagar ba ta wuce alamar fensir ba. Hajiya ta baza barkono a rabin filin tun hantsi, da yamma ta tattara shi da tsintsiya ba ƙasa ba tsakuwa. Turmi na zaune a ƙasarsa. Da na nuna mata tsagar na ce ga abin da filin turminta ya jawo, ta duƙa ta duba da kyau ta ce, "Wannan ce ta hana ka barci?"

Abu biyu na nan a raina. Na farko zafi. Yanzu sanyi ake yi, kowa na yabon wurin, amma a watan Maris da Afrilu kankare zai wuni yana shan rana ya kwana yana mayar da ita, mu kuma a tsakar gida muke kwana a bazara. Na fara tambayar kuɗin rumfa ta wajen ɗakuna, ko ta zana ce. Na biyu, rariyar da muka sauke. Muddin kwatar layi na gudu lafiya, amma ranar da ta toshe, abin da marigayi ya guda shi zai dawo mana. Na yi magana da mai unguwa a kan yashe ta kafin watan Yuni, na kuma sa maƙeri ya yi min murfin ƙarfe da za a iya zurawa a bakin bututun.

Buhu 2 da suka rage, magini zai dawo ranar Laraba ya zagaye gindin gwaiba da bulo, don akuyar Hajiya ta gano wurin.